Kile Mai Lamba Sha Biyu

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Huɗu. Yau ma mutum huɗu ne a aji, kuma ɗayansu barci ya yi ta yi a kan benci har na gama bayanin karburato.

Da hantsi Madam Safiya, daraktar cibiyarmu ta koyon sana'a, ta aiko a kira ni biro, wato ofishinta. Takarda ta zo daga Maraɗi. Ba ta ba ni na karanta ba, ta dai ɗora tafin hannu a kanta kamar mai tsoron iska ta ɗauke. Ta kira ni yadda ake kiran malami a nan, ta ce, "Mushe Toma, shekara biyu da suka wuce mutum ashirin da biyu muka rubuta a sashen gyaran injin ban ruwa. Yau nawa gare ka?" Na ce huɗu. Ta ce can sama sun jera sassan duka: masu ɗinki kusan kowa na ƙarewa, masu walda rabi, mu ne can ƙasan takarda. Wai dukiyar talakawa ake zubawa a tulu mai yoyo.

Jarrabawar fita ranar Talata ce, 24 ga Yuni. Sunayen duka ashirin da biyun ta riga ta aika tun watan Maris, don ita ba ta iya yanke ƙauna ba. In mutum goma suka zauna jarrabawar, tana da bakin magana. In ba su kai ba, za a rufe sashen, a kwashe injunan a kai wata cibiya.

Na ce mata ta leƙa bakin tafki ta ji injuna nawa ke kuka a lambuna, ta kuma tambaya wa ke gyara su. Ta ce, "Na sani, Mushe. Amma takarda ba ta da kunne."

Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Abin da ya ɗaure mani kai, waɗanda suka hi iyawa su ke fara tahiya. Mi ya sa?" Na ce ban sani ba. Na tsaya ina duban agogon bango, wanda ya mutu tun bara.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Na share atiliye, ɗakin da muke koyon aikin inji, sau biyu. Akwatin da ke ƙarƙashin bencina na tura shi can ciki, na jefa masa tsumma.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Matata Loisa ta ce tun shekaranjiya ina cin tuwo kamar wanda aka tsare da sanda. Na gaya mata zancen mutum goma. Ta saurara tana dama koko, sannan ta ce, "Ka gaya wa Madam zancen akwati?" Na ce wane akwati. Ta ce, "To."

Wannan "to" nata shekara ashirin da takwas ina jin sa, bai taɓa yi mani daɗi ba.

Asabar, 24 ga Mayu, da azahar

Na fara da na kusa. Firdausi ta bar aji tun Disamba, yanzu ita ke kula da injunan ƙungiyar mata masu lambu a bakin tafki. Na same ta ta shimfiɗa tsohon zane, ta jera kayan cikin inji a kai, manya a dama, ƙanana a hagu, yadda na koya masu. Raina ya yi fari kafin in tuna abin da ya kawo ni.

Na ɗaure fuska na ce me ya hana ta komawa lakwal, wato makaranta. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta buɗe jakarta ta ciro abu naɗe a ƙyalle, ta warware. Ta ce, "Mushe, ba kai ka sallame ni ba?"

To, bari in rubuta, tunda kayen nan da nake rubutu a ciki ba ya kai ƙara.

Ni ba a benci na koyi aiki ba. Shekara bakwai na yi a garejin marigayi Baba Ilyasu a Maraɗi, ina wanke noti da isansi, wato fetur, ina shan ranƙwashi. Ranar da na warware inji kaf, na mai da shi, na ja igiya sau ɗaya ya tashi, tsohon ya miƙe tsaye. Ya shiga ciki ya fito da kile mai lamba sha biyu, irin wanda ake kwance noti da shi, ya danƙa mani a hannu ya ce, "Tahi, na yaye ka. Allah ya sa albarka." Shi Musulmi, ni ɗan majami'a, amma albarkar nan ita nake ci har yau. Ba takarda, ba tambari.

Da gwamnati ta ɗauke ni koyarwa, na zo da hannuna na zo da halina. Ba na iya ganin hannu ya nuna in yi shiru. Duk wanda ya warware inji ya mai da shi ya tashi da ja ɗaya, sai in jira kowa ya watse, in jawo akwati, in ba shi sabon kile, in faɗa masa abin da aka faɗa mani. Sha uku na bayar cikin shekara biyun nan. Ban taɓa cewa kowa ya bar aji ba, Allah shaida ne. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in maigida ya miƙa maka kayan aiki ya sa maka albarka. Su sun ji daidai, ni ne na yi kamar ban san abin da na faɗa ba.

Na yi wa Firdausi bayani ina ta kewaye-kewaye. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Za ni zo. Dama ina son takardar in liƙa a ɗaki, ko surukata ta bar cewa wasa da ƙarhe nike."

Biyar.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na bi wasu ɗaliban ƙauyen Jiratawa. Biyu sun yarda, ɗaya ya tafi Agadas. Bakwai. Rana ta dafa ni a kan babur ɗin kabu-kabu, kaina kamar ana daka.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Na je garin Ɗan Issa, bakin iyaka. Bashir, ɗaya daga cikin waɗanda na ba kile, ya yi ƙiba. Janaretocin 'yan canji da na masu sayar da ruwan sanyi duk shi ke duba su, har ya kafa rumfa kusa da tasha. Zaman iyaka ya ci bakinsa, kile ma yanzu sifana yake ce masa. Ya sayo mani lemo mai sanyi, ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Mushe, ita takardar nan ana tayar da inji da ita?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka gani."

Na ce masa akwai mutum sha tara da suka kawo sunansu don shiga baɗi, in an rufe ina za su. Ya juya kwalbar a hannunsa. Ya ce zai duba. Na san wannan "zan duba", ni ma ina yi wa Loisa.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Mun je sujada Maraɗi mun dawo. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba, ina ta ƙirga mutane a yatsu a ƙarƙashin littafin waƙa. Kowace hanya na bi, sai ta kai ni ƙauyen Safo. Safo kuwa nake ta ɗagawa.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na je Safo.

Illo shi ne na farko da na ba kile, kuma cikin shekara talatin ban ga hannu irin nasa ba. Inji na kuka a bayan katanga zai ce maka buji ne ko zoben fistan. Magidanci ne yanzu, da mata da ɗiya guda. Na same shi a gindin dogon yaro, amalanken jaki biyar sun yi layi, kowanne da inji a kai. Tsofaffi masu furfura suna ce masa Gwani. Da ya hango ni ya tashi da gudu, ya kore wani daga kan kujera, ya ce wa mutane, "Ga maigidana."

Na jira suka ragu na gaya masa. Ya ce hannu ba ya tsoro, a kawo kowane inji. Amma ya ji akwai rubutu da Faransanci, shi kuwa aji huɗu ya bar lakwal. Ya ce, "Mushe, yanzu a garin ga ni gwani ne. In takarda ta hito ta ce ban iya ba, wa zai sake ɗoro mani inji a amalanke?" Na lallashe shi, ya ƙi. Na kawo zancen masu shiga baɗi, ya sunkuyar da kai, ya ƙi.

Sai na faɗa masa wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro kilen. Ya sha hannu har ya yi sheƙi, ya ɗaura masa jan zare a wuya. Ya ajiye shi a kan gwiwata da hannu biyu, ya koma kan aikinsa. Na zauna kamar minti goma ba wanda ya dube ni, sannan na tashi.

Laraba, 4 ga Yuni, da safe

Kilen Illo yana aljihuna. Nauyinsa ya fi na kile.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan azahar

Babbar Sallah. Maƙwabta sun yi ta aiko da nama, har Loisa ta rasa kwanon juyewa. Al'amin, ɗaya daga cikin waɗanda na sallama, ya zo gida Sallah daga Tasawa, ya kawo mana cinya guda. Na tsare shi a zaure, bai fita ba sai da ya yi alkawari. Takwas.

Loisa ta ce mutum ya kawo maka nama ka kama shi kamar ɓarawon akuya. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce ai gorar tawa shekara biyu ina huda ta da hannuna.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ɗauki akwatin na kai biro na ajiye a kan teburin Madam Safiya. Na faɗa mata duka, ban rage ba sai zancen Safo.

Ta buɗe, ta ga sababbin kile bakwai a jere. Ta bi su da yatsa ɗaya-ɗaya. Na so ta yi faɗa, faɗa ya fi sauƙi. Can ta ce, "Shekara biyu ina rubuta masu cewa talauci ne, nisa ne, aure ne. Ashe albarka ce ke kore mani ɗalibai."

Na ce ai ba a banza aka kashe dukiyar ba, yaran suna aiki, lambuna na shan ruwa. Ta ce, "Mushe, mutanen can ba wawaye ba ne. Matar da ke toya ƙosai a kasuwa, da guminta aka sayo injunan atiliyenka. In ta tambaya mi aka yi da su, da mi za mu nuna mata?" Na ce da injin da ke ba zogalenta ruwa. Ta ce, "To ɗauke shi ka kai Yamai ka tayar a gabansu."

Abin ya ba ni haushi don tana da gaskiya, ni ma ina da ita. Ta sa akwatin a kabad ta kulle. Ta ce albarka ba laifi ba ce, lokacinta na ɓata. Daga yau takardar diplom tukuna, sannan kile.

Na Illo bai shiga akwatin ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, da la'asar

Bashir ya bugo salula. Wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi na neman makanike, sun ce sai mai diplom. Yanzu kuma takarda ta iya tayar da inji. Ban tuna masa ba, na dai ce Allah ya kawo shi lafiya. Tara.

Tara ba goma ba ce.

Juma'a, 13 ga Yuni, da safe

Sauran na bi su duka. Uku suna wurin haƙar zinariya, biyu sun yi nisa a Najeriya, ɗaya ta haihu jiya, sauran salularsu a kashe. Tara.

Lahadi, 15 ga Yuni, da yamma

Wata damuwa kuma. Har yau ruwan shuka bai sauka ba. Gonaki a share, iri a ɗaure, kowa ido na gabas. Ɗalibaina duk 'ya'yan manoma ne, kuma wanda ya san ƙasar nan ya san safiyar da ta bi ruwan farko ba ta kowa ba ce sai gona. Ko gawa aka yi, a gaggauce ake binnewa.

Ya sauko yau, ko gobe, ko jibi. In ba haka ba ya jira ni sai an gama jarrabawa.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Ina rubutu a tablo, allon aji, na ji an shigo. Illo ne. Ya yi sallama kamar baƙo, ya wuce bencin baya ya zauna, gwiwoyinsa sun tokare tebur. Da aka tashi na matsa kusa. Ya ce, "Tunda ka ce kuskure ka yi, ban ƙare ba, na zo in ƙare."

Ga ta nan, maganar da na ƙi rubutawa, ya rubuta mani ita da bakinsa. Ƙarya ce kuma. Ban taɓa yin abin da ya fi ba shi kilen nan daidai ba.

Na so in ce masa haka. Amma in na ce, zai tashi ya koma Safo. Na buɗe littafi.

Goma.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Kwana uku muna fama da rubutu. Kowane ƙarfe na cikin inji ya san shi ido rufe, ya san sunansa yadda ake faɗa a gareji. Amma in ya gan shi a rubuce sai ya zama baƙo. Yana bin haruffa da yatsa, yatsan nan da ke gane zaren noti ya lalace tun kafin ido ya gani. Gumi har kan takarda.

Yau da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mushe, in na faɗi hwa?" Na ce ba zai faɗi ba. Ya ce in yi masa alkawari. Na yi.

Gari ya fita roƙon ruwa bayan masallacin Juma'a, maza da yara har bakin tafki. Na rufe tagar atiliye.

Lahadi, 22 ga Yuni, da azahar

Fasto ya yi addu'ar ruwa, doguwa, har muryarsa ta shaƙe. Majami'a duka ta ce amin. Loisa ta juyo ta dube ni. A hanya ko "to" ɗin ma ba ta ce ba.

Wane irin mutum ne zai zauna cikin manoma yana ƙin cewa amin?

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Gabas fes. Saura yini ɗaya.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi

Gabas ta yi baƙi.

Litinin, da magariba

Ana yi kamar da bakin ƙwarya. Yara na ta ihu a titi, mata na tara ruwa a robobi. Loisa ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga hannu sama, ruwa na dukanta. Ni ma na ji ƙanshin ƙasa na ji daɗi, sannan na ji kunyar jin daɗin, sannan na ji kunyar kunyar.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Da ƙyar nake riƙe alƙalamin bik, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe.

Da asuba na zauna na bi su ɗaya-ɗaya a kaina. Sauran tara kowa na da wa ko ƙane da zai riƙe masa gona na yini guda. Illo kaɗai ne namiji a gidansu, mahaifinsa kuwa gwiwa ta hana shi dogon tsayi. Malami ba ya shiga ɗakin jarrabawa, alƙalan jarrabawar daga waje suke zuwa, don haka ba abin da zan tsinana a cibiya sai zarya. Na tashi mai kabu-kabu muka kama hanyar Safo cikin caɓi.

Na same su a gona rana ba ta gama fitowa ba. Illo a gaba da sungumi yana sara, matarsa Hasiya a baya da ƙwaryar iri tana jefawa tana rufewa da diddige, tsohon yana zaune a kan kututture. Illo ya gan ni bai daina sara ba. Ya ce, "Mushe, ka gani da idonka. In laima ta wuce, shekara ta wuce."

Na tuɓe takalmi na naɗe wando. Na kama sungumin. Muka ɗan ja, shi yana riƙe ni ina riƙe. Na ce ga babur can yana jira, ƙarfe takwas ake rufe ƙofa. Ya dubi mahaifinsa. Tsohon ya ce, "Tahi. In ya ɓata mani gona na san inda shike aiki."

Shekara talatin da wani abu rabona da sungumi. Abin da sauƙi a ido: taku, sara, taku, sara. Layi uku na yi bayana ya fara kuka. Hasiya na bina tana danne dariya, can ta kasa ta ce, "Baba, layin naka ya nuhi Katsina." Tsohon yana daga zaune yana ba da umarni da sanda, hagu, dama, kai malam hagun taka ina take. Ƙarfe takwas da kwata salula ta yi ƙara a aljihu, kusa da kilen. Madam Safiya ce. Kalma ɗaya ta faɗa, "Goma," ta kashe.

Na zauna a tsakiyar gonar mutane na yi kuka. Na ce wa Hasiya ƙasa ce ta shiga mani ido. Ta ce e, ƙasar Safo haka take.

Mun gama da azahar. Tsohon ya sa aka kawo mani fura, ya ce shuka dai ta shuku, kyau kuma sai a nema wani wuri.

Alhamis, 26 ga Yuni, da safe

Firdausi ta ce a gwajin hannu Illo ya gama kafin sauran su gama kwancewa, har babban alƙalin ya tambaya wa ya koya masa. Na ce rubutun fa? Ta ce ta gan shi yana ta duban silin.

Laraba, 2 ga Yuli, da la'asar

Ba labari. Na share atiliye.

Litinin, 7 ga Yuli, da azahar

Ba labari. Ruwa na sauka a kan kari, kowa na cewa damina ta yi kyau. Ina cewa amin da ƙarfi yanzu, har ana juyowa.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe sha biyu

An liƙa sakamako a ƙofar biro. Cikin goma, tara sun ci. Firdausi ce ta ɗaya. Bashir ya ci. Har mai barcin nan a kan benci ya ci.

Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Na duba bayan takardar, kamar mahaukaci.

Madam Safiya ta kira ni ciki. Maraɗi sun bugo, sashe ya tsira, a buɗe wa sababbi a watan Oktoba. Ta ce tara cikin ashirin da biyu ba abin alfahari ba ne amma ya fi huɗu, ta miƙo mani hannu. Sannan ta nuna mani makin Illo. A aikin hannu ba wanda ya kai shi a jihar duka. A rubutu bai kai abin da ake bukata ba, kuma doka ta ce wanda ya gaza a nan ya gaza duka. Ta ce, "Yana iya sakewa baɗi." Na ce e. Ta ce, "Mushe, ka samu abin da kake so." Na ce e.

Asabar, 12 ga Yuli

Ban je ba.

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Ban je ba. Bashir ya bugo yana ta godiya. Ya ce labari ya kai ko'ina, har a tashar Ɗan Issa ya ji wani ɗan Safo na cewa ashe Gwani ya faɗi.

Laraba, 16 ga Yuli, da safe

Loisa ta wanke wandona, ta ciro kilen ta ajiye kusa da kokona. Ta ce, "Wanga ba naka ba ne." Na ce na sani. Ta ce, "To."

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Na sauka daga babur tun kafin gari don in taka, ko in samu abin faɗa. Na bi ta gefen gonar. Gero ya fito kore shar. Daga hanya ana gane inda Illo ya tsaya da inda na karɓa, nasa layi uku miƙaƙƙu, sauran duk sun nufi Katsina.

A gindin dogon yaro amalanke ɗaya ne kawai. Damina ce, injunan ban ruwa na hutawa, haka nake ta gaya wa kaina. Damina ce. Wani dattijo da ya wuce ya ce, "Sannu da aiki, Illo." Illo kawai ya ce.

Yana durƙushe a kan injin niƙa, ya ba ni baya. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba. Ba wanda ya kore wani daga kujera, na tsuguna a ƙasa kusa da shi. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Illo, maganar da na faɗa maka ran nan ƙarya ce. Ka ƙare tun ranar da na ce ka ƙare. Atiliye nake so ya tsira, na saye shi da sunanka."

Ya ci gaba da goge wani noti da ya yi tsatsa, ya ɗiga masa mai, ya gwada da yatsa, ya sake gogewa. Na ji kiran sallar la'asar ya fara ya ƙare muna nan. Na fara tunanin tashi.

Sai ya miƙo hannu ta baya, tafin a buɗe, idonsa na kan injin. Ya ce, "Mushe, miƙo mani sha biyu."

Kayan aikinsa na shimfiɗe a gabansa a kan buhu, manya a dama, ƙanana a hagu. Akwai sha biyu a ciki, sabo, ga shi nan dab da gwiwarsa, ni da shi duk muna ganinsa.

Na sa hannu a aljihu na ciro mai jan zaren.